Tambayoyinku: Hardis Yana Ɗaukewa, Hotuna Kuma Suna Ciki

Wasiƙun wannan wata daga Makka da Jidda da Madina sun taru a kan abu ɗaya, wato hardis ɗin waje da ake tara hotuna a cikinsa. Kafin mu shiga amsa, ga maganar da ta shafi kowa: ranar da hardis ya fara wasa, a fara kwashe hotunan tukuna, gyara ya biyo baya. Kusan kowane gwaji yana sa faifan ya yi aiki, kuma faifan da ya fara lalacewa, awoyin da suka rage masa ba su da yawa. A kashe su wajen ceto hotuna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton bikin mata ce a Jidda. Ina da hardis na 2 TB, ƙarami mai shiga jaka, shekararsa uku. Kwanan nan in ina kwafe hotuna sai in ji ƙarar nan ta cire USB, tagar ta ɓace, bayan ɗan lokaci ya dawo. Wani sa'in kuma kwafin ya tsaya cak a kan hoto ɗaya. Hotunan amaren mutane ne a ciki, wasu ban ma miƙa ba. Ya mutu ne, ko da sauran magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alamomi biyu kika kawo, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Ɗaukewa da dawowa galibi daga kebul ne ko ƙarancin wuta, kuma maganinsa bai wuce 'yan riyaloli ba. Cijewa a kan hoto ɗaya kuwa, musamman in kullum a kan wannan hoton ne, yana nuna gurbin da aka rubuta shi a jikin faifan ya fara lalacewa. Wannan ne ya fi damun mu. Daga yau kada ki ƙara zuba komai a cikinsa. In kuma katin memorin bukukuwan da ba ki miƙa ba yana nan ba ki goge ba, ki ajiye shi gefe, ki sayi wani don aikin gaba.

Ki fara da kebul. Yawancin irin wannan hardis suna amfani da kebul mai faffaɗan kai da 'yar tsaga, wanda ake kira Micro-B na USB 3.0. Ƙananan haƙora goma ne a cikinsa, kuma yawan naɗe shi a jikin hardis ana jefawa jaka yana sassauta su, ko ya karya wayoyin ta ciki inda ido ba ya gani. Ki samo sabo, mai kauri, gajere, wanda bai wuce rabin mita ba, domin dogon kebul siriri yana cinye ƙarfin wuta kafin ta isa. Ki kuma lura da ramin da ke jikin hardis ɗin. In kika ɗan taɓa kan kebul ya ɗauke, ko kika ji ramin yana rawa, dalmar da ta riƙe shi a allon ce ta saki. Sabon kebul ba ya maganin wannan, sai mai gyaran waya da ya ƙware a dalma.

Sai wuta. Ƙaramin hardis ba shi da cajarsa, daga ramin USB yake shan komai. Ramin USB 2.0 rabin amfiya ƙa'ida ta ɗora masa, na USB 3.0 kuma amfiya 0.9. Injin da ke juya faifan sau 5,400 a minti yakan nemi kusan amfiya guda a lokacin tashi. Kin ga tazarar ba ta da yawa. In aka jona shi ta mahaɗa mai baki huɗu tare da linzami da abin karanta memori, ko ta ramukan gaban kwamfutar tebur, wutar sai ta gaza a tsakiyar aiki, hardis ya mutu ya sake tashi. Ki jona shi kai tsaye a ramin USB 3.0, wato mai shuɗin harshe ko alamar SS, ki sa laftof a caji, ki cire duk wani abu da ke sauran ramukan. In ramukan laftof ɗinki duk USB-C ne, ki sayi kebul guda mai kan C a gefe ɗaya da Micro-B a ɗaya gefen, ya fi jone-jonen adafta.

Windows ma yakan kashe ramin USB don tattalin batir. Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta powercfg.cpl. Wannan umarni yana aiki ko da kwamfutar da Larabci take. A cikin ƙarin saitin tsarin wutar da kike kai, ki nemo USB selective suspend ki kashe shi.

Yanzu ki tambayi hardis ɗin lafiyarsa. Kowane hardis yana riƙe da rijistar kansa da ake kira SMART, kuma karanta ta ba ya wahalar da faifai. Ki sauke manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Amma kada ki tsaya a launi, ki duba layuka huɗu, a shafin ƙarshe na dama inda ainihin lissafin yake. Layin 05 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye su da na ajiya. Layin C5 gurabun da aka kasa karantawa ne ake jiran a ga makomarsu, kuma shi ne ke sa kwafi ya cije. Layin C6 waɗanda suka gagara ne. In waɗannan ukun duk sifili ne, faifan na da alamar lafiya. In C5 ko C6 ya wuce sifili, ko 05 yana ƙaruwa daga yau zuwa gobe, hardis ɗin ya gama aikin amana, ko da ya ci gaba da buɗewa. Layi na huɗu, C7, kurakuran hanya yake ƙirgawa tsakanin faifan da abin da aka jona shi, ba lalacewar faifai ba, kuma ba ya komawa sifili, sai dai a lura ko ya daina hawa. In hardis ɗin na Seagate ne, manyan lambobi a layin 01 da 07 kada su tsorata ki, haka suke nasu lissafin.

Wajen kwashewa, kada ki ja babbar folda gaba ɗaya ki saki. Ki fara da bukukuwan da ba ki miƙa ba, folda bayan folda, zuwa sabon hardis. Hanyar da ta fi ita ce robocopy, wanda yake cikin Windows. A tagar cmd, inda ake rubuta wa Windows umarni (ki danna Windows da R ki rubuta cmd), ki rubuta kamar haka, ki sa haruffan faifanki a madadin E da F:

robocopy "E:\Biki" "F:\Biki" /E /R:1 /W:1 /LOG:C:\Users\Public\rahoto.txt

Amfanin /R:1 da /W:1 babba ne. In ba ki sa su ba, robocopy zai yi ta maimaita fayil ɗin da ya gagara har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane yunƙuri. Da su kuwa, sau ɗaya zai sake gwadawa ya wuce, ya rubuta sunan hoton a rahoto. In gudun ya faɗi ƙasa sosai ya ƙi tashi, ko kika ji ƙarar ƙwas-ƙwas, ki cire shi, ki bi abin da muka faɗa wa Hajiya a ƙasa.

Wasu za su ce ki fasa akwatin ki sa faifan a wani. Wannan yana yiwuwa a yawancin ƙananan Seagate, domin faifan SATA ne, irin na cikin laftof, da ɗan allo a bakinsa mai mayar da shi USB. A My Passport da ƙananan Elements na WD kuwa, ramin USB a jikin allon faifan yake, babu abin da za a canja.

Tambaya: 'Yata ce take rubuta mini daga Misfala a Makka. Hardis ɗin marigayi maigidana ne, da hotunan aurarrakin yaranmu da na zuwanmu gida Kano. Jiya ta jona shi sai kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Ba ta danna ba. Wani yaro a unguwa ya ce zai yi masa chkdsk. Mu ba shi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa Aljanna ce makomarsa. 'Yarki ta yi daidai da ba ta danna ba, Allah ya yi mata albarka. Wannan saƙo ba ya nufin hotunan sun tafi. Abin da yake nufi shi ne Windows ya kasa karanta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Sau da yawa hakan na faruwa ne in an fizge kebul ana tsakiyar rubutu, ko in gurbin da jadawalin yake ya lalace. Hotunan kansu galibi suna nan a inda suke.

Kada a ba yaron ya yi chkdsk. Aikin chkdsk daidaita jadawali ne, ba ceton hotuna ba. In ya tarar da abin da bai gane ba, yakan yanke shi ya tara guntaye a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000, kuma abin da ya sauya ba ya komawa. In aka haɗa masa da /r, zai bi faifan gurbi bayan gurbi na tsawon awoyi, wanda a kan faifai mara lafiya daidai yake da sa majinyaci dako. Sau da yawa ma yakan ƙi taɓa faifan da ya koma RAW, wato wanda Windows ya kasa gane tsarinsa, kuma wannan ƙin alheri ne.

Sauran bayanin na 'yarki ne. 'Yar'uwa, ki jona hardis ɗin ki kasa kunne. In kin ji juyawa mai laushi babu ƙwanƙwasa, ki danna Windows da R ki rubuta diskmgmt.msc. Ki duba ko ya fito da girmansa na gaskiya, misali 931 GB in na 1 TB ne, da kalmar RAW a kansa. In tagar ta nemi a yi masa initialize, ki soke, kada ki yarda. In girman ya fito daidai, akwai kyakkyawan fata. In ya nuna sifili, ko wani girma da ba nasa ba, ko kwamfutar ta daskare duk lokacin da aka jona shi, ki cire, aikin ya wuce na gida. Sannan ki duba SMART kamar yadda muka bayyana a sama.

In SMART ya nuna rauni ko kaɗan, mataki na gaba shi ne a ɗauki kwafin faifan sukutum, gurbi da gurbi, zuwa wani hardis da ya kai shi girma ko ya fi shi, sannan a yi duk wani bincike a kan kwafin. Manhajar da aka sani da wannan ita ce ddrescue, tana cikin SystemRescue, wanda ake ɗorawa a filash a tada kwamfuta da shi. Hikimarta ita ce tana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ta tsallake masu ciwo, sai daga baya ta dawo kansu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta tsaya, ta yadda ko an katse aikin za ta ci gaba daga nan. Haɗarinta ɗaya ne kuma babba: in aka juya sunan tsohon faifai da na sabo a cikin umarnin, za ta shafe hotunan da faifan da babu komai. Shi ya sa ake fara rubuta lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, a gwada lambar da ta fito da wadda ke manne a bayan hardis ɗin. In ba ki taɓa aiki da Linux ba, wato tsarin da SystemRescue ke gudana a kansa maimakon Windows, ki nemi wanda ya taɓa, ki zauna kusa da shi. Faifan 1 TB mai lafiya yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu, mai rauni kuwa yana iya kwana biyu ko fiye.

A kan kwafin, ki fara da TestDisk, shi ma kyauta ne. Tsarin NTFS, wanda Windows ke jera fayiloli da shi, yana ajiye kwafin gurbin farkonsa a ƙarshen faifai, kuma TestDisk yana iya amfani da shi ya nuna miki foldodin da sunayensu. Da kin gan su, ki kwafe su zuwa wani wuri daban kafin ki yarda ya rubuta komai. In bai gan su ba, sai PhotoRec, wanda suke zuwa tare. Shi ba ruwansa da jadawali, yana bin faifan ne yana neman kan kowane hoto. Zai fito da hotunan, amma babu sunayensu babu foldodinsu, sai lambobi masu fara da f a cikin foldodi masu suna recup_dir. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Ranar ɗauka tana rubuce a cikin yawancin hotunan kyamara da na waya, don haka ana iya jera su shekara-shekara daga baya. Waɗanda suka zo ta WhatsApp ne ba su da wannan. Kuma kada a taɓa zuba abin da aka ceto a kan faifan da ake cetowa daga cikinsa.

Hajiya, in za ki ji ra'ayinmu: tunda babu kwafin waɗannan hotuna a ko'ina, kuma mai su ya rasu, in SMART ya nuna ja ko an ji wata ƙara, a kai wa ƙwararrun ceto bayanai kai tsaye, kada a gwada komai a gida.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Hardis ɗina ya faɗo daga tebur yana aiki. Yanzu yana ƙwas-ƙwas sau da yawa sai ya yi shiru. Abokina ya ce in sa shi a firiza.

Amsa: Ƙanenmu, kada ka sa, kuma kada ka sake jona shi. Allurar da ke karanta faifan tana shawagi ne a samansa da tazarar 'yan nanomita, siririyar da gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Faɗuwa yana aiki tana sa allurar ta bugi faifan ko ta lanƙwashe. Ƙarar da kake ji hannun allurar ne yake fita neman alamar hanya, ya rasa, ya koma ya sake. Kowane jonawa yana iya kankare fuskar faifan, kuma abin da aka kankare ya zama ƙura, babu mai dawo da shi. In kuwa kuka yake yi siriri ba ya juyawa sam, galibi allurar ce ta manne a kan faifan, shi ma ba a bubbuga shi. Firiza raɓa take tarawa a ciki da kan allon, ta ƙara lalata abin da ya rage.

Babu manhajar da ke maganin wannan. Aikin masu ɗakin da aka tace iskarsa ne, su buɗe su sa allura daga wani hardis irinsa sak. Kafin ka miƙa, ka tambaye su ko suna buɗewa a wurinsu ne ko aikawa suke yi, ko za su nuna maka jerin fayilolin da suka samu kafin ka biya, da nawa za ka biya in ba a samu komai ba. Shagon da zai kwance shi a kan kanta a gabanka, ka karɓi kayanka ka fita. Garanti kuma sabon hardis yake bayarwa, ba ya dawo da hotuna, sai dai wasu samfuran Seagate da ke zuwa da hidimar ceto ta Rescue, wadda ake gani a rubuce a kwalin. Ka duba kwali da rasit kafin kowa ya ɓalle tambarin.

Tambaya: Mun tashi daga tsohuwar unguwarmu a Jidda lokacin rusau, cajoji suka cakuɗe. Na jona wa babban hardis ɗina na tebur wata caja da ta shiga daidai. Na ji ƙauri, tun daga nan bai sake kawo wuta ba.

Amsa: Alhaji, da alama cajar laftof ka sa masa. Babban hardis 12V yake sha, cajar laftof kuwa galibi 19V ce, kuma bakinsu yakan zo ɗaya. Labarin bai kai yadda kake tsoro ba. A allon faifan akwai ɗan ƙaramin diyod mai gadi da ake kira TVS, wanda yake ƙonewa ya toshe hanya don wutar kada ta wuce ciki. Mai gyaran lantarki zai gane shi da mita, ya cire ko ya canja, kuma sau da yawa faifan yana tashi a kwashe komai. In ƙunar ta wuce nan aka ce a canja allon gaba ɗaya, dole a ciro ɗan guntun ROM na tsohon allo a dasa a sabon, domin saitin wannan faifan shi kaɗai yana cikinsa. In My Book ne na WD, kada ka yar da akwatin: allon cikinsa ne ke kulle bayanan da mabuɗin sirri, faifan da aka ciro aka jona kai tsaye zai fito kamar babu komai a kansa. Sabuwar cajar ta zama 12V, amfiyarta ta kai ta asali ko ta fi, kuma zanen da ke jikinta ya nuna tsakiyar baki ita ce mai alamar tarawa. Ka rubuta sunan hardis ɗin a jikinta.

Tambaya: Na sayi SSD na 16 TB a intanet da kuɗi kaɗan. Hotunan farko suna buɗewa, na baya kuwa sunansu na nan amma ba sa buɗewa.

Amsa: Malam, jabu aka sayar maka. A cikin irin waɗannan akwatuna yawanci ɗan katin memori ne ko filash, aka sauya masa lissafi ya riƙa faɗa wa kwamfuta girman da ba shi da shi. Da ainihin wurin ya cika, sauran abin da ka zuba ba ya sauka ko'ina, suna kawai ake rubutawa. Hotunan da ba sa buɗewa ba sa ciki, babu manhajar da za ta fito da su, sai ka koma waya ko katin da suka fito. Ka kwashe masu buɗewa yau. Duk sabon abin ajiya, a gwada shi da H2testw kafin a ba shi amana: yana cika shi da bayanai ya sake karantawa, ya faɗi ainihin girmansa. Ƙaramin hardis na gaskiya mai faifai bai wuce 5 ko 6 TB ba a kasuwa. Wanda kuma ya sayi 2 TB ya ga Windows ya nuna 1.81, ba a cuce shi ba. Masu ƙerawa da dubu suke lissafi, Windows da 1,024.

Tambaya: Ina hidimar alhazai da masu Umara a Makka shekara da shekaru, ina tara hotunansu da na iyalina a hardis ɗaya da ke zama a mota. Na kwashe komai daga waya na goge don in sami wuri. In koma SSD ne? Yaya zan tsara abin?

Amsa: Baba, tunda ka goge na waya, abin da ke hannunka kwafi ɗaya ne tak, kuma yana zaune a wuri mafi muni. Masu ƙera hardis ɗin waje yawanci suna ba da iyakar aiki daga digiri 5 zuwa 35 ko 40. Zafin Makka da rani yana haura 45, a Hajjin 2024 ma an auna sama da 51 a Harami, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan wuce 60. Ka shigar da shi ɗaki yau. In ya yi zafi, a bar shi ya huce kamar awa guda kafin a jona. Mutanen Jidda su kula da akasin haka: hardis da ya kwana a sanyin esi aka fito da shi cikin laimar bakin teku yana yin gumi, a jira ya bushe. Yana aiki kuma kada a ɗora shi a kan katifa ko kafet, kuma in CrystalDiskInfo ya nuna zafinsa ya haura 50 a ba shi hutu.

SSD ya fi dacewa da yawo, domin babu abin da ke juyawa a cikinsa, faɗuwa ba ta cika kashe shi ba. Amma ba shi ne na ajiyar shekaru a durowa ba. Cajin lantarki yake riƙewa a ƙwayoyinsa, cajin yana zurarewa a hankali in ba a jona shi, zafi kuma yana hanzarta hakan. In ya mutu, sau da yawa babu gargaɗi, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya. Shawararmu SSD na 1 TB a aljihu don aikin yau da kullum, da hardis mai faifai guda biyu don ajiya.

Tsarin da masu ɗaukar hoto suka daɗe a kai shi ne kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Hardis na farko ya zauna a gida. Na biyu ya zauna a gidan ɗan'uwa a Jidda ko Ɗa'ifa, ko a ba amintacce ya kai gida Najeriya ko Nijar in an tashi tafiya, a riƙa sabunta shi. Waɗanda suka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 sun san yadda kayan gida guda ke tafiya a yini ɗaya. Hotunan da suka fi daraja a ɗora su a intanet ma. Google yana ba da 15 GB kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, iCloud kuma 5 GB. A Google Photos a zaɓi ingancin asali, domin ɗaya zaɓin yana matse hoto. In da WhatsApp za a aika wa 'yan'uwa don ajiya, a tura a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba.

Wajen sabunta kwafi, FreeFileSync ya isa, amma a kula da zaɓin Mirror. Shi yana mayar da hardis na biyu daidai da na farko, har da gogewa, ta yadda in ka goge folda bisa kuskure zai goge ta a can ma. Zaɓin Update ba ya goge komai a can, sababbin fayiloli da waɗanda aka sauya kawai yake kwafewa. In Windows kaɗai kake amfani da shi, ka yi wa faifan fomat ɗin NTFS, domin yana riƙe da rijistar abin da yake rubutawa, ya fi jure fizgar kebul. Wani nau'in fomat mai suna exFAT yana aiki a Windows da Mac duka amma ba shi da wannan kariya, don haka da shi dole a riƙa sallamar hardis ta alamar cirewa kafin a zare. Duk wata uku ka jona kowanne, ka duba layukan 05 da C5 da C6, ka buɗe hotuna ashirin daga shekaru daban-daban ka tabbatar suna fitowa cikakku, babu mai rabin toka. Hardis da ya kai shekara biyar a sauke shi daga matsayin babban ma'aji ko da bai nuna komai ba.

Tunda akwai hotunan iyalan mutane da fasfo ɗinsu a ciki, hardis ɗin da zai yi tafiya ko ya zauna a gidan wani a kulle shi da BitLocker, wanda ke cikin Windows Pro. Zai ba ka mabuɗin gaggawa mai lamba 48. Ka buga shi a takarda kwafi biyu, ɗaya tare da fasfo da takardun iƙama, ɗaya a hannun babban ɗanka, domin in kalmar sirri ta ɓace kuma babu wannan lamba, ko ƙwararrun ceto ba za su iya buɗe shi ba.